Gaskiya Hajiya Saude Ta Faɗa: Ta'aziyyar Makiyayan Guci da Yekuwa

Cikin alhini, da kuma nauyin da ya fi alhini, Ƙungiyar Manoma Makiyaya ta Guci da Yekuwa ta samu labarin rasuwar Mai Girma Hajiya Saude Maiwada, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, tsohuwar 'yar majalisar komin, wato ƙaramar hukuma, ta Guci, kuma tsohuwar depite a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Laraba da hantsi a gidanta da ke Magariya bayan jinya ta wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin Shugaban Ƙungiya, Alhaji Amadu Ɗantsoho, da dattawan biro, wato kwamitin gudanarwa, da ardo-ardo da masu unguwannin ƙauyuka goma sha tara da ke cikinmu, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Malam Habibu, da 'yarta Hajiya Nazifa da sauran 'ya'ya da jikoki, da duk zuriyar marigayi Maiwada, da jama'ar Dungas da Magariya baki ɗaya.

Shekara goma sha bakwai marigayiya ta yi tana riƙe da alli a Guci, kuma da yawa daga cikinmu a hannunta muka koyi rubuta sunanmu, har da mai wannan sa hannu, wanda bai wuce aji shida ba. Da ta shiga majalisar komin, ita ce ta tsaya aka sake kafa alamun burtali, aka huta da faɗan kaka na shekara-shekara tsakanin mai gona da mai shanu, alhali a nan sau da yawa mutum ɗaya ne mai gonar kuma mai shanun. Da ta tafi Yamai ba ta canza hanya ba. Inda mota ta tsaya a rairayi, amalanke take hawa, da kayenta, littafin da take rubutu a ciki, a cikin mayafi.

To, abin da ya sa wannan saƙo ya fi na kowa tsawo shi ne maganar satar shanu, kuma dattawa sun yarda a faɗe ta a fili.

Duk wanda ya san mu ya san namiji a nan ba ya faɗin yawan dabbarsa, ko wadda ke garke ko wadda ta ɓata. Ka tambaye shi, zai ce da 'yan kaɗan, alhamdu lillahi. Hajiya ta san halinmu, shi ya sa a shekarar da sata ta yi ƙamari a bakin iyaka ba ta ɓata lokacinta da mu ba. Wajen mata ta bi, gida-gida, domin mai tatsa ba a ɓoye mata saniyar da ba ta dawo ba. Ta zauna da su bakin turmi, ta rubuta sunan kowace saniya da launinta, har lissafi ya kai ɗari uku da sha ɗaya. Da wannan ta miƙe a zauren majalisa ta kira ministan da abin ya shafa, ta tambaye shi mutum nawa aka kama, da dalilin da ya sa babu masu sintiri a wannan yanki, da ranar da za a kawo su. Mun saurara a rediyo a gindin ice ranar kasuwar Guci, kuma babu wanda bai ji daɗi ba da aka ambaci ƙauyensa a Yamai.

Minista ya amsa cewa babu ƙara ko ɗaya a rubuce daga wajenmu, wanda gaskiya ne, ya kuma yi alkawarin aiko tawaga ta gani da ido. Ya cika alkawari. Ba mu da abin faɗa a kansa.

Laifin daga nan ya fara, kuma namu ne. Da muka ji manyan baƙi na zuwa, sai muka tarbe su yadda muka gada. Muka aika ƙauye-ƙauye aka koro duk shanun da suka rage, aka tara su a bakin rijiya don girmama baƙo, har wanda aka yi wa ƙarƙaf ya aro na surukinsa ya tsaya a bayansu, kada a ce shi ne marar komai. Aka yanka raguna, aka dama fura. Baƙi suka sauko daga mota suka ga ƙaho iya ganin ido, suka ɗauki hoto. Da shugabansu ya tambaya ko akwai wanda aka sace wa dabba ya miƙe, nama na gabansa, hannunsa da maiƙo, sai dattawa suka dubi juna, domin ba a kai wa baƙo kuka yana cin abincinka. Aka ce sai alheri. Ya maimaita har sau uku, mutumin nan, Allah Ya sani ya yi ƙoƙari. Lasifika tana hannun kakakin ƙungiya, wato ni, ina jiran babba ya fara, babba yana jiran wanda ya fi shi. Matan da suka ba da lissafin kuwa suna bayan danga suna kwasar tuwo, babu wanda ya ce a kira su.

Bayan sati uku aka karanta rahoton a majalisa, aka ɗaga hotunan shanunmu. Wannan ma mun ji a rediyo, a gindin icen da muka ji na farko. Mun ji dariyar. Mun ji wani ya ce malamar lakwal ta iya ƙidayar yara amma ban da shanu. Hajiya ta nemi izinin magana, ta ce tana nan a kan abin da ta faɗa, ta zauna. Ba ta ambaci sunan kowa a cikinmu ba, ko da yake kayen yana hannunta da sunayen matanmu a ciki, da ta buɗe shi da ta wanke kanta, sai dai ta san abin da zai biyo baya a gidajen. Maganar sintiri ta mutu a ranar. Daga nan kuma duk abin da ta kawo gaban majalisa, ko na rijiya ne ko na likita, sai a tuna mata da shanu.

Da ta zage mu da mun samu sauƙi. Ba ta yi ba. Da Sallah ta zo kamar kullum, ta gaida dattawa har ƙasa, ta sha furarmu, ta tambayi lafiyar garke. Mu kuma muka ce za mu je mu ba ta haƙuri bayan girbi. Aka yi girbi, muka ce bayan an ɗebe wake. Aka ce ba ta da lafiya, muka ce ba a kai wa majinyaci tsohuwar magana, bari ta samu sauƙi. Haƙuri hali ne mai kyau, amma namu ya wuce wurinsa, ya zama wajen ɓuya.

Ranar Juma'ar nan bayan masallaci biro ya kira taro a bakin rijiyar nan, maza da mata a fili ɗaya. Alhaji Amadu Ɗantsoho, mai shekara saba'in da ɗoriya, shi ya fara miƙewa ya faɗi nasa da bakinsa, abin da bai taɓa yi ba ko a gaban 'ya'yansa. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har la'asar. An rubuta, kowa ya dangwala yatsa, kuma za a kai takardar ofishin perfe, shugaban gundumarmu, da gidan rediyo, a karanta ta a inda aka ji dariyar.

Muna roƙon Malam Habibu da Hajiya Nazifa su ba mu izini mu zo ranar sadakar bakwai mu karanta ta a ƙofar gida. In zuciya ba ta ɗauka ba, ba mu ga laifinku ba, za mu yi addu'a daga waje mu koma. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya albarkaci abin da ta bari, Ya jiƙan Hajiya Saude, Ya yalwata kabarinta, Ya sa Aljanna Firdausi makomarta. Mu kuma Allah Ya yafe mana, tunda wadda za mu roƙa ta riga mu.

Ga jama'a kuwa, ga shaidarmu, ko da ta zo a makare. Hajiya Saude Maiwada ba ta yi ƙarya a gaban majalisa ba, ba ta ƙara ko ɗan maraƙi ba. Ɗari uku da sha ɗaya ta ce. Ranar Juma'a mun samu ɗari uku da arba'in da takwas na shekarar nan. Ragowar talatin da bakwai na gidajen da maza suka hana matansu yi mata magana ne. Shida daga ciki na gidana ne.

Kamalu Adamu Yekuwa
Kakakin Ƙungiyar Manoma Makiyaya ta Guci da Yekuwa
A madadin Shugaba da dattawan biro