Ta'aziyyar Malam Datti Gude, da Matsayinmu Kan Rufe Ajin Zane

Cikin alhini mai nauyi, da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Sana'a ta Bakin Kasuwa, Gwarzo, ta sami labarin rasuwar malaminta kuma ubanta, Malam Muhammadu Datti Gude, malamin zanen gini da awo, wanda Allah Ya karɓi ransa a gidansa da ke Gude da hantsin ranar Alhamis, 12 ga Satumba, 1957, bayan jinyar ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun faɗuwar damina. An yi masa sutura bayan Azahar a gaban jama'ar da ta taho daga Gwarzo da Kabo da Kara da garin Jama'a, wasu a ƙafa, wasu a keke, ana tsuga ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, Malama Saudatu, da 'ya'yansa Hanatu da Atika, da ƙanensa Malam Gali, da Mai Girma Hakimi, da dagatai da masu unguwanni da limamai na wannan ƙasa, da Sarkin Magina Mato na Kabo, amininsa kuma abokin musunsa, da dukan wanda ya taɓa zama gabansa da rula a hannu.

An haifi marigayi a gidan malamai a Gude, kuma sai da ya sauke Alƙur'ani kafin a kai shi elementare, daga nan ya wuce makarantar Midil a Kano. Da ya gama, aka ɗauke shi a wani ofishin ayyuka a birni a matsayin mai kwafin zane, wato wanda yake ɗora farar takarda a kan zanen da injiniya ya yi, ya bi layi da tawada har ya fitar da irinsa. Ya daɗe a wannan kujera. A nan ya koyi karanta zanen gada da kwalbati da asibiti, ya koyi lissafin da ke ƙarƙashinsu, kuma a nan ya lura cewa a kusurwar takarda, inda mai zane yake sa sunansa, bai taɓa ganin sunan ɗan ƙasa ba. Bayan an gama babban yaƙin duniya ya nemi a mai da shi gida ya koyar. Ya tarar da makarantarmu tana koyar da kafinta da birkila da ƙira, sana'o'i masu daraja, amma duka uku an tsara su ne domin yaro ya aikata abin da wani ya zana masa. Ya roƙi a ƙara ajin zane. Aka amsa masa da cewa aikin hannu ya ishi yaran ƙauye. Ya sake roƙo, ya kuma sakewa, har aka bar masa wani ɗakin ajiya da babu komai ciki, bisa sharaɗin kada ya nemi takarda, domin ba a ware wa ajin ko falle ɗaya ba.

Wannan sharaɗi shi ne asalin hanyar da aka san shi da ita. Ya sa aka sare wani maɗaci a gonarsu ta Gude, ya fere alluna masu faɗi da hannunsa, ya goge su sumul, ana shafa musu farar ƙasa. A kansu muka koyi ja layi da alƙalami da tawada, irin wadda muka saba da ita tun muna makarantar allo. Ɗalibi zai auna ɗaki ko taga ko bakin rijiya da tef, ya mai da ƙafa ta zama rabin inci, ya fitar da abin ta sama, ta gaba, da kuma a yanke. In Malam ya duba ya gamsu, sai ya kife allon, ya ce a maimaita masa awon da ka. Wanda ya kawo daidai, shi ake ba izini ya wanke allonsa ya shiga sabon darasi. Wanda ya kasa, zanensa zai kwana. Saboda haka a ajinmu wankakken allo alama ce ta wanda ya iya, kuma babu wanda ya taɓa jin wannan tsari baƙo ne, tunda haka aka koya mana karatu tun muna ƙanana.

Ba da sauƙi jama'a suka karɓi ajin ba. Wasu iyaye a gidajen malamai sun ji tsoron ko surar mai rai ake koya wa 'ya'yansu, sai marigayi ya riƙa sa allo a bayan keke yana bin zauruka, yana nuna musu zanen masallacin garinsu, da ginshiƙansa da alƙiblarsa, har hankalinsu ya kwanta. Sarkin Magina Mato kuwa ba tsoro ya ji ba, dariya ya yi. Waɗanda suke wurin sun tuna ranar da ya leƙo ajin ya ce, "Malam Mai-gini-a-allo, mu da ƙafa muke shata gida a ƙasa, ka taɓa jin ya faɗo wa wani?" Marigayi ya ce masa, "Bai faɗo ba, Sarki. Amma ranar da ƙafar ta tafi Makka, da me za mu shata?" Ba a yi wata guda ba Sarkin Magina ya turo 'ya'yan ƙanensa ajin, ya kuma buɗe mana sorayen da ya gina muka auna bakan gizonsu da shimfiɗar azararsu. Daga hannun waɗanda suka fito wannan ɗaki aka sami zanen kwalbatin hanyar Kara, wanda ruwan bana bai taɓa shi ba, da rumfunan mahauta na kasuwar Kabo, da dakalin rijiyar garin Jama'a. Wasu daga cikinmu yau suna ofisoshin ayyuka da na safiyo, suna zana abin da wasu suke kwafa.

Ba al'adar saƙon ta'aziyya ba ce ya shiga gardama, kuma da an bar mu da baƙin cikinmu da nan muka tsaya. Amma an yanke hukunci a kan aikin marigayi yana kwance ba ya iya kare kansa, an kuma nemi zartar da shi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, don haka wajibi ne jama'a su ji yadda abin ya kasance.

A watan jiya aka aiko cewa wani babban jami'in ilimi zai zo duba makaranta. Malam yana Gude yana jinya. Ɗaliban ajin, da jin babban baƙo na tafe, suka yi abin da aka tarbiyyantar da kowane ɗa ya yi: suka share ɗaki, suka yayyafa ruwa, suka goge taga, sannan suka kwashe alluna gaba ɗaya zuwa rijiya suka wanke su tas, har da waɗanda zanensu bai kammala ba, domin a ganinsu rashin ladabi ne a tari baƙo da allo mai dabbaren tawada. Suka shafa sabuwar farar ƙasa, suka jingina su a jere. Baƙo ya shigo ya tarar da ɗaki fes, alluna fari ƙal, babu layi ko ɗaya. Ya nemi takardun zane, aka ce babu. Ya tambayi yaran abin da suke koya, kunya ta hana su ɗaga kai, kuma tafintan da ya zo da shi bai san yadda ake aiki a ajin ba, balle ya yi bayani. Baƙo ya tafi ya rubuta cewa bai ga shaidar ana koyar da komai ba, ya ba da shawara a rufe ajin a mai da ɗakin ma'ajiyar katako.

Da aka kai wa marigayi labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce wa yaran, "Kun yi wa baƙo shara, kun haɗa da karatun." Bai yi musu faɗa ba. Ya ce da ya sami sauƙi zai hau mota ya je birni da allo guda ya warware maganar. Allah bai nufa ba.

Ƙungiya ba ta zargin jami'in da ƙarya. Abin da ya gani shi ya rubuta. Amma muna tambaya a fili: da wane dalili za a hana aji takarda tun ranar da aka buɗe shi, sannan a rufe shi saboda ba a ga takarda ba? Ina wahalar tambayar wanda ya zana kwalbatin da motar baƙon ta bi ta kansa kafin ta iso Gwarzo? Malamin ajin yana raye a lokacin, yana Gude, tafiyar da ba ta kai yini ba, me ya hana a jira shi ko a je gare shi? Saurin da aka yi ya nuna mana cewa wasu tun can ba su yarda ɗan manomi ya cancanci riƙe kamfas ba, wankakkun alluna kawai sun ba su hanya. A kowace jarida yau maganar mulkin kai ake yi. Ƙasar da za ta mulki kanta za ta buƙaci masu zana gadojinta da asibitocinta, kuma ba mu ga inda aka rubuta cewa sai 'ya'yan birni kaɗai ba.

Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne abin da ya faru ranar sadakar uku. Ana zaman makoki a ƙofar gida, malamai suna addu'a, sai ga masinjan hukuma da umarnin a ba shi mabuɗin ɗakin zane, wanda ɗalibai suka kai wa marigayi bayan tafiyar baƙo, yake aljihun rigarsa, a kuma shaida wa iyali cewa za a zo a kwashe kayan ajin a kai birni. Ba ma ganin laifin masinja, aiko shi aka yi, kuma kowa ya ga yadda ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Gali ya shiga cikin gida ya sanar da Malama Saudatu, tana cikin takaba, ya fito da mabuɗin da amsarta, ya faɗa a gaban kowa kamar yadda ta ce: "Ɗaki nasu ne, ga mabuɗinsu. Alluna kuwa daga gonar gidan nan aka saro su, ni na riƙa kai masa abinci yana ferewa. Gado ne. Wanda yake da magana a kansu ya same mu gaban alƙali." Malaman da ke wurin suka tabbatar da cewa haka shari'a ta ce. Bayan haka magada huɗu, ita da Hanatu da Atika da Malam Gali, suka haɗa baki suka mai da allunan da rulolin da kamfas na marigayi sadaka mai gudana ga duk mai neman wannan ilimi, suka damƙa riƙonsu a hannun Ƙungiya. Shugaban makaranta ya buɗe ɗaki a gaban shaidu, aka fito da su.

Saboda haka Ƙungiya tana sanar da hukuma da iyaye da jama'a baki ɗaya cewa ba ta amince da rufe ajin zane ba, kuma ta rubuta wa inda ya dace tana neman a janye shawarar. Ba za mu zauna jiran amsa ba. Sarkin Magina Mato ya ba da babban zauren gidansa na Gwarzo, kuma Malam Lukuman Kara, ɗaya daga cikin ɗaliban farko na marigayi, ya ajiye aikinsa na ofishin safiyo domin ya karɓi ajin. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shiga babbar makarantar fasaha a ƙarshen shekara za su zauna ta. In makaranta ta ƙi aika sunayensu, Ƙungiya za ta kai su da kanta ta tsaya a ƙofa har a karɓe su. Muna roƙon iyaye kada su cire 'ya'yansu, kada kuma wani ya tsangwami yaran da suka wanke alluna, domin ladabi suka yi, kuma malaminsu ya yafe musu tun yana da rai. Ga jami'in da ya rubuta rahoto, da duk wanda za a turo bayansa, ƙofar zauren a buɗe take. Ya zo da tef ɗinsa, ya zaɓi ginin da ya ga dama a garin nan, ya zaɓi ɗalibin da ya ga dama, ya zauna ya gani.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu Datti Gude, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba Malama Saudatu da Hanatu da Atika da Malam Gali da sauran dangi haƙuri da juriya, Ya saka musu da alheri a kan abin da suka yi a ranar da ba wanda zai ga laifinsu in sun yi shiru. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Za a koma karatu ranar Asabar mai zuwa da safe, a zauren Sarkin Magina. Kowane ɗalibi ya zo da tawadarsa.

Bashari Altine Kabo
Magatakarda kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Makarantar Sana'a ta Bakin Kasuwa, Gwarzo