Kwakwar da Inna Ta Dasa Mini

Tawau, Malesiya

Yaya La Masiri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da matarka Wa Nuru da yara. Yaya ƙafar Baba? Ina fatan iskar yamma ba ta sake yaye rufin ba.

Ni lafiya lau. Digirina yana aiki: duk masana'antar nan babu mai ɓare jatan lande da zurfin ilimi irina. Yatsuna sun ɗan tsattsage, amma ana sabawa. Kada Baba ya ji.

Na sami saƙonka cewa Baturen nan yana son filinmu na bakin teku ya gina masauki. Fili naku ne, ku maza, ku sayar. Amma ka san a tsibirinmu mai ƙasa daban, mai itace daban. Kwakwar da ke gefen rijiya tawa ce. Inna ta dasa ta inda aka binne cibiyata. Ba na sayarwa.

Ka ce, "Ke 'yar boko, a jaka za ki sa ta?" A'a, Yaya. Amma da Inna ta rasu, iska ta hana jirgin ruwa tashi, ina zaune a tasha aka kai ta makwanci. Kwakwar nan, abin da hannunta ya bar mini ke nan. Allah ya jiƙanta.

Ka gaya wa Baturen ya yi gininsa ya kauce mata. In teku ya kwanta zan zo, kuma ina son inuwa ɗaya a garinmu da zan zauna ba sai na nemi izini ba.

Ƙanwarka,
Wa Sariani