A Cire Faifan Birkin Nan Kafin Tafiyar Anacha

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a nan Inugu, da dattawan da ke zama tare da shi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali, da kasuwa, da hidimar jama'a. Ni ne Garba bakanike na unguwar Coal Camp, mai duba jif ɗin ƙungiya tun ranar da aka sayo ta. Sau biyu ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana da baƙi, shi ya sa na rubuta wannan na manna a bangon masallaci kowa ya karanta. Maganata ɗaya ce: faifan birkin da aka ɗaura wa motar nan a makon jiya ba nata ba ne, kuma da shi ake shirin kwasar dattawa da mata zuwa Anacha ranar Asabar, wajen walimar saukar Alƙur'ani.

Na ɗaya. Bayan dawowarmu daga gida da aka gama yaƙi, mun haɗa hannu muka sayi motar nan a wurin masu awon hanya, ta riga ta sha jiki, don mu riƙa shiga kasuwannin ƙauye sayen manja ko da damina. A shekararta ta uku a hannunmu ta faɗa kwazazzabo, aksil ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunta, ya lanƙwashe. Aka nemi irin nata aka rasa. Ni da wani abokina Ibo mai sayar da tsofaffin ƙarafa muka samo na wata jif daban, na kwana huɗu a ƙarƙashinta har ya zauna. Kana tsaye a wurin, ranka ya daɗe, har ka sa wa hannuna albarka. Tun daga ranar, takardun motar suna faɗin abu ɗaya, ƙafarta ta gaba tana faɗin wani.

Na biyu. Saboda haka ban taɓa saya mata faifan birki da suna ko lamba ba. Tsohon nake cirewa in jefa a buhu in shiga kasuwa da shi, in kara shi da sabon. Faɗi nake dubawa, da kauri, da hudojin noti, da zurfin tsakiya inda yake zama a kan ƙafa. Tsinken tsintsiya nake karyawa daidai zurfin in gwada. An sha yi mini dariya a kan tsinken nan, amma bai taɓa sa na koma kasuwa sau biyu ba.

Na uku. Bara Alhaji Isiyaku ya taso daga Fatakwal, kwangilar mai ta yi masa rana, ya buɗe shagon kayan mota mai gilashi da fanka, da wani ƙaton littafin lambobi a kan tebur. Da birkin jif ya fara kuka, shi aka aika wa, ni ko sallama ba a yi mini ba. Ya duba takardun mota, ya buɗe littafi, ya sa aka kawo faifai biyu daga Legas cikin kwali mai rubutun Turanci, an naɗe su da takarda mai maiƙo. Jama'a suka taru ana ta yaba sheƙinsu. Da aka zo ɗaurawa, hudojin noti sun dace, amma zurfin bai kai ba, faifan yana gogar ƙarfen da ke matse shi. Maimakon a mayar, sai aka kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe suka yi ta rage shi har ya shiga. Wanda ya rage shi da hannunsa ne ya gaya mini, a teburin mai shayi, kuma ya ce shi ma ransa bai kwanta ba.

Faifan da aka rage wa kauri saurin zafi gare shi, in ya yi zafi ya karkace, wani lokaci ya tsage. A cikin gari ba za a gane ba, don ba a daɗe ana taka birki. Amma kowa ya san dutsen da ke bakin garin nan a hanyar Anacha. Tafiya hawa ce, dawowa kuwa gangara ce mai kwana-kwana, ga rami a gefe, ga mota cike da mutane, ƙafar direba tana kan birki tun daga sama har ƙasa.

Na huɗu. Na ji an ce a majalisarka kishi ne ke damuna. Ba zan yi ƙarya a bangon masallaci ba, ina kishi, kuma mai zafi. Ranar Juma'ar da ka tashi bayan salla ka gode wa Alhaji Isiyaku, ka kira shi injiniyan ƙungiya, na koma gida an ajiye mini tuwo na kasa ci. Shekara tara bayana yana cikin taɓo a ƙarƙashin motar nan, ba wanda ya taɓa ce mini injiniya, sai dai Garba mai baƙin mai. Shi kuwa farar rigarsa ko ɗigon giris ba ta sani ba. Yanzu har zagaye nake yi don kada in bi ta ƙofar shagonsa in ga mutanen da a da a garejina suke zama. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, haka nake ji, kuma ina roƙon Allah ya yaye mini. Amma ba kishina ne ya rage kaurin ƙarfen nan ba, inji ne ya rage shi.

Ga abin da nake roƙo. Kafin Asabar a kawo motar ƙofar masallaci, a ɗaga ta da jak, a cire ƙafar gaba. A kira bakaniken da kuka ga dama, ko Bahaushe ko Ibo, ba sai ni ba, ya kara sabon faifan da tsohon da aka cire, gani ya kori ji. In ni ne da kuskure, zan tsaya a gaban jama'a in ba Alhaji Isiyaku haƙuri. In kuwa maganata ta tabbata, a bar ni in shiga kasuwa da tsohon, ina da yaƙinin kafin la'asar zan samo daidai da shi. Sannan a rubuta a takardun motar cewa an sauya mata aksil, don ni ma ba dawwama zan yi ba.

Maiɗakina Hajara tana cikin masu tafiya, har ɗinki ta yi. Jiya na je wajen magatakardan ƙungiya na sa ya soke sunanta, kuma tun jiyan take fushi da ni. Da yake sokewa na ga sunan liman a takardar masu tafiya, na ga na Hajiya mahaifiyarka. Nasu ba ni da ikon taɓawa, wannan kuma yana hannunka.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora, ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba bakanike, Coal Camp.