Tiyon da Na Ɗaure da Roba

Babura, ranar Litinin

Zuwa ga Mu'minat, maman Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririya. Yaya ruwan zafi, yaya gajiyar suna? Ki gaida Baba da Inna da duk mutanen gida na Roni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Daudu direba alhali jiya muka yi waya. Wayarki a tsakar gida kike ɗauka, ni kuma abin da ke bakina ba na tsakar gida ba ne.

Kin ce hannun wanki, Yaya Muhammad Nur, ya kumbura har ya rufe shagon ɗinki, kin kuma ce ƙusa ce ta soke shi a bayan mota. Ba ƙusa ba ce, Mu'minat.

Kin tuna tiyon injina na wankin mota, wanda kika tarar ina naɗe shi da robar taya a zaure? Kin tambaye ni ko roba za ta iya riƙe ruwan da ke ɓamɓare taɓo daga ƙafar tirela, na yi miki dariya. Tun lokacin wayoyin da ke cikinsa sun fara leƙowa, don a kan tsakuwa nake jansa, motoci suna taka shi, da yamma in dunƙule shi in jefa a lungu. Na san ya gama aiki. Kullum sai in ce bayan kasuwa zan sauya.

Ana jibi suna, Yaya ya zo kasuwarmu da akori-kurar abokinsa ya saya mana rago, ya kuma ɗauko wa maƙwabta wasu. Dabbobi suka ɓata bayan motar, ya ce ba zai mayar wa mai ita haka ba, ya kawo mini. Na cire farin kan bindigar ruwa, wanda ke baza ruwa a hankali don jikin mota, na sa jan nan mai ɗan siririn rami, saboda kashin ya bushe. Ina cikin aiki tiyo ya maƙale a ƙarƙashin taya. Kin san Yaya ba ya iya tsayawa ya ga ana aiki. Ya sunkuya ya jawo mini shi, hannunsa ya sauka daidai kan ɗaurin. Robar ta zame, ruwa ya fito ta tsagar.

Ciwon bai fi sukar allura ba, a gindin manuniyarsa ta dama. Jini ma bai fito sosai ba. Ya ce yana jin hannun ya yi nauyi, ko ya leƙa asibiti? Ni na hana shi. Na ce ba komai ba ne, na ɗiga masa man birki, na ɗaure da ƙyalle. Gaskiyar ita ce direbobi uku na zaune suna jiran layi, ban so su ji cewa kayan aikina sun ji wa mutum ciwo.

Ranar suna na lura cewa da hannun hagu yake gaisawa da mutane, na dama yana cikin babbar riga. Na gani, na kau da kai, na ci gaba da raba goro.

Don Allah ki matsa masa ya tafi asibitin Kazaure gobe. Zan same shi a can.

Mijinki,
Ashiru

Kazaure, ranar Asabar

Zuwa ga Mu'minat,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma Khairiyya ta daina kukan cikin da Inna ta faɗa. Ban ga amsarki ba, ban kuma ga laifinki ba.

Kin ji an yi wa Yaya aiki, amma na san ba a gaya miki duka ba saboda jego. Likita ya ce ruwan irin wannan inji ba ya tsayawa a fata. Yana shiga ta ɗan rami ya ratsa cikin nama, ya tafi da sabulu da datti, sai ciwon ya yi ta ci ta ciki alhali waje lafiya lau. Sun tsaga tafin hannun har wuyan hannu sun wanke. Manuniyar ta riga ta yi baƙi, sun cire ta. Likitan ya ce da an zo a ranar, da wataƙila an cece ta. Ina tsaye a gefen gado ya faɗa. Yaya bai dube ni ba, silin yake kallo.

Shi ya gaya wa likita gaskiya, amma ya roƙe shi kada ya ambaci inji a gaban iyali. Ni ma ya ce mini maganar ƙusa ita ce magana, kada in ƙara kada in rage.

Na ƙi tafiya gida. Ni nake ɗebo masa ruwan alwala, ni nake ba shi abinci. Shekaranjiya Baba ya zo da Kawu Ɗayyabu da wasu dattawan unguwarku. Ya riƙe hannuna a gabansu ya ce, "Ku ga surukin da Allah ya ba ni. Ya rufe wajen neman abincinsa saboda ɗana." Suka yi ta sa mini albarka, ina durƙushe ina cewa amin. Ban taɓa jin nauyin kalmar amin ba sai ranar. Da suka fita na shiga bayan ɗakin marasa lafiya na zauna a kan bulo, na kasa komawa ciki har aka kira la'asar.

Na je gida sau ɗaya ɗauko kaya. Na yanyanka tiyon nan gunduwa-gunduwa, don kada wani ya tsince shi a bola ya sake ɗaurewa. Da na duba sauran kayan da idon gaskiya, na tarar zoben robar da ke mahaɗar bindigar ruwa ya tsattsage, rariyar da ke tace ruwa ta toshe da yashi, wani koren kai ma raminsa ya buɗe. Duk a haka nake kiran mutane su kawo motocinsu.

Ba zan iya ci gaba da cin albarkar Baba a kan ƙarya ba. Idan an sallami Yaya zan zo.

Naki,
Ashiru

Babura, ranar Laraba

Zuwa ga Mu'minat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida 'yata. Na hango ku ta ƙofar ɗaki ranar da na zo, na kasa ƙarasowa. Saƙon da kika aiko ta bakin Inna, cewa in ci abinci kafin in kama hanya, ya iso, na gode. Ban iya ci ba.

Ga yadda aka yi a zauren Baba. Na durƙusa na gaya wa Baba komai, har da man birki, har da direbobin da ke jira. Ya daɗe yana jan carbi. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko na sauya tiyon, na ce na sayo sabo mai waya biyu a ciki da sababbin kawuna, na kafa ƙarfen rataye shi, amma ban tayar da injin ba tukuna. Ya ce in tayar, iyali ba sa cin nadama. Ya ce albarkar da ya sa mini ba zai janye ba, amma in ba shi lokaci kafin ya iya kallon fuskata. Sai ya tashi ya shiga gida.

Wanda ya yi fushi Yaya ne. Na same shi a shago, ya ce, "Na rufe maganar nan ne don ƙanwata ta zauna lafiya a ɗakinta. Kai ka buɗe don ka samu barci. Yanzu Inna tana kuka sau biyu." Na san akwai gaskiya a ciki. Ko a wajen faɗin gaskiyar ma, kaina na fara dubawa.

Ban tafi ba, shi ma bai kore ni ba. Na zauna a benci. Akwai rigar wani yaro da ya bari rabi tun kafin suna, ya jawo ta ya zauna a gaban keke. Ya ɗauki zare da hagu yana neman kafar allura, hannun dama na naɗe a kan cinyarsa. Zaren ya yi ta kaucewa. Ya lasa, ya sake, ya kauce. Na so in miƙa hannu, na ji ba ni da wannan izinin. Can sai ya matsa gefe a kan kujerar, bai ɗago kai ba, ya miƙo mini bakin zaren. Na durƙusa na zura masa. Ya taka keke, ni kuma na riƙe masa gefen yadin har ya kai ƙarshen layi. A karkace layin ya fita. Ya warware, muka sake.

Na gaya masa duk ranar da babu kasuwa zan zo. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in riƙa zuwa da safe kafin zafi.

Maganar dawowarki bayan arba'in na bar ta a hannunki da na Baba. Na share ɗaki, na gyara ƙofar da ke ƙara don kada ta riƙa tayar da yarinya. Ki shafa mini kanta.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya ƙara miki haƙuri da ni.

Mijinki,
Ashiru