Ni na ce wa Baba hannunsa ya nakasa

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cina.

Mahaifina mai walda ne. Wata biyar da suka wuce ya faɗo daga tsani, hannunsa na dama ya bugu. Da ya dawo daga asibiti sai ya miƙo min takardar likita a gaban kowa, don ni ce 'yar bokon gidan, tun ina firamare yake ce min Farfesa. Idona ya faɗa kan kalmar disable, na kuma san da mai kama da ita ake kiran nakasassu. Sauran layin ban gane shi ba, amma na ji nauyin in faɗi haka. Na ce masa hannun ya nakasa.

Ya daina zuwa gashin hannun da ake yi masa a asibiti, wai wahalar banza ce. Ya ba ƙaninsa mukullin shago. Yanzu yini yake a kujerar roba a ƙofar gida, hannu a cinya, yana kallon masu wucewa.

Makon jiya mai gyaran kwamfuta a ofishinmu ya ce zai yi disable ɗin wani abu a na'urata, gobe ya mayar. Nan na gane kalmar ba lallai nakasa take nufi ba. Na lalubo takardar, na bi ta da ƙamus kalma-kalma. Ashe cewa aka yi ciwon zai hana hannun aiki wata uku, in an dage da gashi. Ko Mama ban faɗa wa ba. Da wane ido zan kalle shi?

'Yar mai walda

*

'Yata, share hawayenki, akwai aiki a gabanki.

Ma'anar kalmar ita ce hana mutum ko abu yin aikinsa. Ciwo kan yi wa mutum haka, makaniki kan yi wa ƙararrawar mota. Ita kaɗai ba ta cewa har abada ne ko na ɗan lokaci, sai an duba kalmomin da ke kewaye da ita.

Ba mugunta kika yi ba, kuma ya kamata tun a asibiti a yi masa bayanin da zai gane. Amma ke ma da naki: kin zaɓi kare sunan Farfesa a kan cewa ban sani ba. Wancan kuskure ne. Shirun da kike yi yanzu kuwa da saninki ne, kullum hannun ƙara sandarewa yake.

Ki same shi yau, ku biyu, ki faɗa masa ba kwana-kwana. In ya yi faɗa, ki haɗiye. Sannan ki raka shi wurin likita cikin makon nan, a yi bayani a gabansa. Kada ki yi masa alkawarin warkewa, wannan ba a bakinki yake ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanki.