Na Rera Sunan Surukina

Gummi, daren Talata

Tun da 'yan wasan kwaikwayon nan suka zo da Sallah, ba a jin komai a gari sai waƙar jarumin wasan, a kaset da bakin yara. Ga shi sunansa ɗaya da surukina, sunan da ban taɓa kamawa ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Yau ina surfen gero, waƙar ta bi taɓarya, na shagala. Na ɗaga murya na rangaɗa sunan, har da ja. Daga bayana na ji, "Na'am, ɗiyata."

Baba ne riƙe da buta. Inna ta ce, "Ƙarasa mana baitin."

A nan ma hannuna ya ƙi rubuta sunan. Kuma gobe ni ke kai mai kunu.