Ruwan da Aka Zuba a Idon Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

An yi wa Baba aikin ranar Talata. Kin san idon hagu ya daɗe da tafiya, na daman kaɗai ya rage masa, shi ne tantanin bayansa ya ɗaye. Likita ta ce sun zuba masa wani ruwa a cikin idon, fulorokabon take ce masa. Ta nuna min a 'yar kwalba, garau kamar ruwan famfo, amma ya kusa ninka shi nauyi, kuma ba ya gauraya da ruwan jiki. Shi zai danne tantanin har ya kama, bayan kwana goma su zuƙe shi.

Ina layin karɓar magani aka sallami Baba, Kawu ne ya tsaya jin bayani. Kin san halinsa, tun da aka yi masa aikin ido bara ya zama likitan gidanmu. Ya ce nas ba ta gama buɗe baki ba ya ce mata ya sani: kwanciyar rub da ciki, ba juyi. Har matashinsa mai rami a tsakiya ya kawo mana.

Baba sai mita yake, wai wuyansa zai karye, in bar shi ya yi rigingine ko na minti biyar ne. Ban bari ba. Na kafa kujera a bakin gado, ya motsa in mayar da kansa. Ya sa min suna Soja.

Ki ci gaba da addu'a.

Taki, Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, na rasa ta inda zan fara.

Mun koma asibiti a rana ta goma. Likita ta duba, ta ja ni waje, ta tambaye ni yadda yake kwanciya. Na faɗa mata har da alfahari. Sai ta yi min bayani.

Ashe iska aka sa wa Kawu a ido. Iska sama take tashi, shi ya sa aka kifa shi. Ruwan Baba ƙasa yake nutsewa, rigingine ya kamata ya kwanta. Kwana goma ruwan na kwance a gaban ido, tantanin da aka sa shi dominsa babu abin da ya danne shi. Takardar sallamar da ta faɗi haka tana aljihun Kawu, a ninke.

Sun zuƙe ruwan, sun sake aikin. An buɗe idon jiya. Haske yake gani da inuwa, yatsu ba ya iya ƙirgawa. Likita ta ce sai dai a jira, ba ta ce min a jira me ba.

Kawu ya ɗauke ƙafa. Ni ba ma fushinsa nake ji ba, Yaya, hannuna ne ya riƙa danne kan nan.

Baba bai sani ba. Da safen nan ya laluba ya kamo hannuna, ya ce in daina kuka, laifinsa ne. Wai sau biyu da na shiga wanka ya saci jiki ya yi rigingine, shi ya ɓata aikin. Ya ce in yafe masa, na wahala a banza.

Na ce na yafe.

Ki zo, don Allah. Ni na kasa faɗa masa.

Ƙanwarki, Auta